Kaftanin Mujitaba a Jikin Tasi'u

Mujitaba ɗan Burumburum ne, a ƙasar Tudun Wada. Dogo ne ƙwarai, sai ya sunkuya yake shiga zauren gidansu, kuma tsawon nan ne ya sa shi koyon ɗinki. Duk telan da ya kai wa yadi sai ya yi masa riga ta tsaya a gwiwa, wando ya ɗage sama da idon sawu. Da abin ya ishe shi, sai ya zauna a kan keken yayarsa, Adda Halima, mai ɗinka wa matan unguwa kaya. Tun yana karya mata allura tana faɗa har ya iya yanka da kansa.

Ya yi difloma a fannin noma a Kano, ya dawo gida ya shiga neman aiki. A wata makarantar kuɗi a Kiru an sa shi koyarwa zango guda da sunan gwaji, sannan aka ce a jira kira. A Doguwa, wani mai shagon taki ya sa shi sauke buhuna daga mota wuni guda, da kayan fitarsa a jiki, da yamma ya ce masa ashe ƙanensa zai dawo ya riƙe shagon.

Ana nan sai labari ya zo cewa wani kamfanin gyaran shinkafa a wajen Bagauda yana neman wanda zai riƙa duba ingancin shinkafar da manoma ke kawowa. Baffa Shitu, aminin mahaifinsa, ya ce manajan wurin mutuminsa ne, zai yi magana. Don murna Mujitaba ya sayi shadda ruwan toka, ya ɗinka kaftani, ya yi masa aikin hannu a wuya. Ya sa shi ya je gaida Baffa.

"Kai ka ɗinka wannan?" in ji Baffa Shitu, yana shafa yadin. "In ka koma gida ka aiko mini da shi in nuna wa telana. Gobe zan mayar maka."

Ya aika. Kaftani bai dawo ba har ranar ganawa da manaja, dole ya sa tsohuwar rigarsa ya hau mota.

Yana shiga harabar kamfanin ya hango kaftaninsa a kan benci, a jikin Tasi'u, ɗan ƙanwar Baffa Shitu. Tasi'u gajere ne, ya nannaɗe hannayen, gindin kaftanin yana jan ƙasa cikin ruwan jiƙon shinkafa mai tsami da ke malala a wurin. Awara yake ci, yana goge yatsunsa a ƙirji, daidai kan aikin wuyan. Mujitaba ya koma can gefe ya tsaya.

Tasi'u aka fara kira, ya fito suna dariya da manaja. Da aka zo kan Mujitaba, sunansa da garinsu kawai aka tambaye shi, ba wanda ya dubi takardunsa.

Bayan 'yan kwanaki mahaifinsa ya ce ya je ya yi wa Baffa godiyar ƙoƙarin da ya yi. Ya je, ya durƙusa ya gaishe shi. Baffa ya tura masa baƙar leda da ƙafa.

"Ga rigarka. Ka yi haƙuri, ɗana, Tasi'u yana da iyali. Kai kuwa Allah Ya ba ka sana'a a hannu, me za ka yi da aikin kamfani?"

"Haka ne, Baffa," in ji Mujitaba.

A gida ya buɗe ledar. Ko wanki ba a yi ba: maiƙo, jan goro, ga warin hammata da ya cika ɗakin. Adda Halima ta toshe hanci ta ce ya kawo ta jiƙa shi da omo.

"Bar shi, Adda. Ko an wanke ba zan iya sa shi ba."

Ya ba wani makiyayi da ya zo wucewa.

Yanzu yana ɗinki a wata rumfa a Tudun Wada, yana kuma samun na abinci, amma bai daina neman aikin da ya karanta ba. Gab da sallah Baffa Shitu ya aiko masa da yadi a ɗinka masa. Mujitaba ya mayar da shi yadda ya zo, ya ce ba zai samu dama ba. Mahaifinsa ya yi fushi, ya daɗe yana amsa gaisuwarsa a daƙile.

An kira shi ganawa a wata gonar kaji a Bebeji mako mai zuwa. Adda kaɗai ya gaya wa.