Rafikunnisa Bano ta Burhanpur da Wa'adin Wata Shida

Haihuwarta da Karatunta

A shekarar 1959 aka haifi Rafikunnisa Bano a unguwar masaƙa ta birnin Burhanpur, a gaɓar kogin Tapti, kuma ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya bakwai na Abdul Kayyum Ansari, masaƙi, da matarsa Zaibunnisa. Ta sauke Alƙur'ani tana da shekara goma sha ɗaya, ta kuma yi makarantar gwamnati har aji bakwai, inda ta iya karatu da rubutun Urdu da Hindi, kafin a tsayar da ita a gida domin ta taya mahaifiyarta naɗin zare.

Aure da Zuri'a

A shekarar 1977 aka ɗaura mata aure da Mushtak Ahmad, makanikin injinan saƙa, mutum mai yawan barkwanci wanda ke zagaya masaƙun gari a kan keke da jakar kayan aikinsa. Allah ya ba su 'ya'ya biyar. Ɗaya ta rasu a goye, huɗu suka rayu.

Haɗarin Mijinta

Ranar Asabar, 9 ga Maris, 1991, wata babbar mota ɗauke da ayaba ta banke Mushtak a bakin gada, lamarin da ya yi sanadin yanke ƙafarsa ta dama da mutuwar hannunsa ɗaya. Wata goma sha huɗu Rafikunnisa ta shafe tana jinyarsa tsakanin asibiti da gida, ba tare da ta san cewa motar tana da inshora ba, balle ta san akwai kotu ta musamman mai yanke diyya ga waɗanda mota ta raunata. Lokacin da wani maƙwabci ya kai ta wurin wani matashin lauya mai suna Dinkar Mahajan, bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin dokar wancan zamani wata shida ta bayar a shigar da ƙara, iyakar alfarmar alƙali kuwa ya kai ta shekara guda. An kori ƙarar a shekarar 1993. Mahajan ya ɗaukaka ta ba tare da ya karɓi ko sisinta ba.

Ana cikin jiran wannan shari'a, a watan Nuwamba na 1994, majalisar ƙasa ta soke wa'adin gaba ɗaya. Saboda ƙararsu ba ta mutu ba tukuna, aka maido ta a saurare ta a 1997, kuma a 2001 kamfanin inshora ya biya. Mushtak ya samu ƙafar roba da ɗan shagon sayar da kayan inji, ya zauna a cikinsa shekara uku kafin rasuwarsa a 2004. An ce yakan yi wa abokansa ba'a cewa ƙafarsa ta fi shi daraja, tunda ita ce ta gina shago, shi kuwa da ƙafa biyu bai gina ba.

Shekarunta a Harabar Kotu

Zaryar shekara goma ta koya wa Rafikunnisa abin da makaranta ba ta koya mata ba. Ta san takardar da ake karɓa wurin 'yan sanda, da wadda likita ke rubutawa a kan girman nakasa, da yadda wakilan kamfanonin inshora ke zuwa gefen gadon majinyaci su lallaɓe shi ya sa hannu a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Daga 1997 har zuwa 2019 kusan kullum tana bisa wani benci a harabar kotu, tana karanta wa matan direbobi da leburori takardunsu, tana raka su wurin lauyoyin da ta amince da su. Lauyoyi suna tsokanarta da suna lauya marar baƙar kwat, ita kuma ta ce musu kwat ɗin ne kawai suka fi ta. Shawarar da aka fi saninta da ita guda ce: a fara da jinya, kotu ba ta gudu, dokar ba ta da wa'adi. Shekara ashirin da biyu tana faɗin haka, kuma gaskiya take faɗa.

A 2019 ciwon sukari ya taɓa idanunta, ta daina karanta jarida, annobar da ta biyo baya kuma ta zaunar da ita a gida. Duk da haka mata ba su daina sallama a ƙofarta ba.

Haɗarin Ɗanta

Ranar Litinin, 22 ga Agusta, 2022, motar fasinja ta ture ɗanta Tanwir daga kan babur a hanyar Khandwa, ƙashin bayansa ya karye. Aka kai shi wani asibiti a Indore, inda ya kwanta wata bakwai. Matarsa Farhin, wadda ke da yara uku, ta tambayi surukarta har sau biyu ko ya kamata a ga lauya, domin ta ji wata mai jinya tana zancen an canja doka. Rafikunnisa ta amsa mata cewa maganar kan titi ce, ta kula da mijinta, sauran kuwa ta bar mata.

A watan Afrilu na 2023 ta sa Farhin ta riƙe hannunta zuwa ofishin Mahajan, wanda shi ma ya tsufa. Ya duba ranar haɗarin, ya cire tabarau, ya dube ta.

"Yaya Rafikun, wa ya ce ku jira?"

"Ni na ce. Ba wa'adi, kai ma ka sani."

"An maido da shi, Yaya. Wata shida, tun farkon Afrilun bara. Da ma kin aiko an kira ni."

Ya bayyana mata cewa rahoton 'yan sanda, wanda da zai iya tsayawa a madadin ƙara, bai isa kotu ba. Duk da haka ya shigar da ƙarar. Aka ƙi karɓarta, ya ɗaukaka. Da suka isa ƙofar gida, Farhin ta ce, "Umma, sau biyu na tambaye ki." Ba ta ƙara tayar da maganar ba har abada, kuma ba ta fasa yi wa surukarta hidima ba.

Ƙarshen Rayuwarta

Rafikunnisa ba ta kare kanta ba. Ta zauna ta tuno duk matan da suka zo mata tun daga Afrilun 2022, ta lissafo gida tara. Da sanda a hannu, cikin zafin bazara, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana shaida musu cewa abin da ta gaya musu kuskure ne, su gaggauta. Gida shida suka samu shigar da ƙara kafin wa'adinsu ya cika. Uku sun riga sun makara, kuma a ɗaya daga cikinsu matar gidan ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta rufe ƙofa ba tare da ta ba ta ruwa ba. Daga nan duk wadda ta zo neman shawara, Rafikunnisa takan ce ita ba ta san doka ba, ta kwatanta mata ofishin lauya.

Tanwir ya dawo gida ba ya iya motsa ƙafafunsa. Aka sayar da shagon mahaifinsa domin magani, Farhin ta kama aikin yanke zare a wata masaƙa, uwar kuma ta koma juya ɗanta a kan gado kamar yadda ƙarfinta ya ba ta.

Rasuwarta

Allah ya yi mata rasuwa da hantsin Alhamis, 11 ga Janairu, 2024, tana da shekara sittin da huɗu, bayan gajeriyar jinyar ciwon ƙoda. An yi mata salla bayan la'asar, aka binne ta a maƙabartar unguwarsu. Mahajan, wanda ba Musulmi ba ne, ya tsaya a bakin ƙofar maƙabartar har aka watse.

Ta rasu ta bar jikoki goma sha ɗaya da 'ya'ya huɗu: Nuzhat, malamar firamare a Bhusawal, Sarfaraz, direba a Surat, Gulnaz, wadda ke aure a Khandwa, da Tanwir, wanda 'yan'uwansa suka ɗauko a kan gadonsa zuwa tsakar gida domin ya ga fitar gawar mahaifiyarsa. Har zuwa lokacin rubuta wannan tarihi, ba a sa ranar sauraron ƙararsa ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.