Shekarar da Ɗantsoho Ya Sallami Shanu

A wani ƙauye bayan Dutsi, in ka ga dattijo da kwando a bakin burtali da safe yana bin bayan shanun da ba nasa ba, to Malam Ɗantsoho ne. Kada ka ji nauyin tambayarsa dalili. Shi zai riga ka dariya, ya ce duk ƙasar Daura ba a yi manomi mai wayonsa ba, wayon ne ma ya kai shi kwasar kashin shanu.

Gonarsa jigawa ce, yashi zalla. Amma tun zamanin mahaifinsa, duk kaka in an cire amfani, gidan su Dabo makiyayi ke sauka a cikinta da garkensu. Shanu su ci kara, su kwana, su bar taki. Mai gona kuma ya kai wa Dabo damin gero na fura. Da geron wannan gona Ɗantsoho yake ciyar da gidansa har wata kakar.

Sai wata shekara aka zo da maganar tallafin gwamnati, wai za a raba wa manoma takin zamani. Aka ɗauki hotonsa, ya dangwala yatsa, aka ce buhuna na nan tafe. Shi ke nan fa, kai ya kumbura. Ya dawo gida yana taku kamar wanda aka naɗa sarkin noma. Da Dabo ya iso da kaka, Ɗantsoho ya tare shi a bakin gona, ya ce bana a yi haƙuri, shi ya shiga tsarin gwamnati, karan ma masu kiwo a Daura zai sayar wa.

Matarsa Ummukulsum ta ce, "Malam, ka ga buhun da idonka?"

Ya ce mata wannan harkar manya ce. Dabo kuwa ya kora shanunsa gonar Jafaru, maƙwabcin Ɗantsoho, wanda dama ya daɗe yana haɗiyar yawu.

Ruwa ya sauka aka yi shuka. Aka yi noman firi, aka yi maimai, taki shiru. Ɗantsoho ya yi ta zirga-zirga zuwa ofishin rabon taki har 'yan acaɓa suka san shi, kullum a ce masa mota na hanya. Geron Jafaru ya yi kore shar, nasa kuwa rawaya, sirara, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Ranar da motar ta iso gero ya riga ya fitar da kai. Jama'a ta yi yawa, buhu ya yi kaɗan, aka koma rabo da tiya. Nasa rabon a hula ya kawo shi gida, hular ma ba ta cika ba.

Rumbu bai kai rabi ba. Tun kafin bazara Ummukulsum ta fara awo a kasuwa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai, don ko gori ba ta yi masa ba.

Kaka na zagayowa ya naɗe girman kansa ya tafi wurin Dabo. Ya gaida shanu, ya gaida iyali, ya yi ta kewaye-kewaye, da ƙyar ya fito da abin da ya kawo shi. Dabo ya saurare shi tsaf.

Ya ce, "Malam Ɗantsoho, na riga na yi wa Jafaru alkawari, ba zan tashi daga gonarsa ba. Amma hanyarmu ta zuwa rijiya ta gefen gonarka take."

Shi ya sa kullum yake nan da kwandonsa. Kuma duk safiya, in garke ya zo daidai gonarsa, sai Dabo ya tsuguna gyaran takalmi, takalmin da ba abin da ya same shi, shanu su tsaya su yi abin da za su yi. Ɗantsoho ya gane sarai. Sai ya ce masa sannu da fama da takalmi, ya sunkuya ya ci gaba da kwasa.