Jegon da Na Yi da Furfura

Lokacin da muke tasowa a Birnin Gwari, tumbi kayan masu hali ne. In mutum ya tafi fatauci ya dawo da ciki a gaba, sai a ce Allah ya buɗa masa, har a zo yi masa barka. Manomi ba shi da inda zai ajiye tumbi, fartanya tana cinye shi tun bai fito ba. Yanzu kuwa ko ɗan acaɓa yana da nasa, kuma in ka kai shi asibiti ba mai yi maka barka. Sikeli za a nuna maka a ce ka hau.

Ni a kan sitiyari na samo nawa. Na daɗe ina tuƙa babbar mota: goro daga Kumasi da Shagamu, shanu zuwa Ikko, albasa zuwa Ngaundere, har Sudan na taɓa kaiwa. A hanya na tsinci Yarbanci da Fulatanci da Larabcin kasuwa, da ɗan Faransancin da zai ishe ni gardama da jandarma. Gwaranci kuwa da shi na tashi. Duk inda na sauka ina lura da cikin mutane. Bafulatani makiyayi da sandarsa ba ka sanin wanda ya fi wani kauri. Attajirin Ikko kuwa cikinsa ke riga shi shiga ɗaki, sai ya yi sallama daga baya. Nawa yana tsakiya, na mutunci.

Da na ajiye mota na koma noma wajen Kakangi, tumbin ya yi fushi ya tafi. Sai daji ya ɓaci. Hanya ta gagara, muka bar gonar, na dawo unguwar Magajin Gari na zauna. Tuwon masara da dare, ɗumame da safe, benci a ƙofar gida, rediyo a kunne. Tumbi ya dawo, ya taho da danginsa.

Bayansa sai ciwon baya. Bayan ciwon baya sai wani abu da ban taɓa gani a jikin kowa ba. In ina kwance rigingine na yunƙura zan tashi, sai wani tudu ya taso a tsakiyar cikina, daga ƙasan ƙirji zuwa cibiya, kamar an kwantar da doguwar doya a ƙarƙashin fata. In na zauna sai ya ɓace. Na ce a raina ƙaba ce, kuma ƙaba sai wuƙar likita. Na rufe da riga na yi shiru.

Amma masallaci ba ya rufa wa mutum irin wannan asiri. Tasowa daga sujada ta zama mini aiki. Na fara dafa ƙasa, na koma dafa bango, wata rana har na dafa kafaɗar wanda ke kusa da ni, ya kusa kifewa. A masallacin unguwarmu akwai wata farar kujerar roba da ake ajiyewa a ƙarshen sahu don tsofaffi. Na sani sarai addini ya yi sauƙi, mai lalura ya yi salla a zaune ladansa na nan. Sai dai duk wanda na ga ya hau kujerar nan ban taɓa ganin ya sauko ya koma tsayuwa ba. Ran nan bayan La'asar ladan ya jawo ta kusa da inda nake tsayawa, ya ɗan kakkaɓe ta da hularsa. Na yi kamar ban gani ba. Na dawo gida ko tuwo ban ci da daɗi ba.

Na fara kai kukana wajen abokina na yarinta, wani Bagwari tsohon soja da muke kira Saja, wanda ke sayar da buhunan masara a bakin kasuwa. Shi coci yake zuwa, amma ya gane abin da nake tsoro tun ban gama faɗa ba.

"Direba," in ji shi, "cikinka ya yi sanyi ne, ba shi da horo. A bariki mako guda za mu narkar da wannan. Kwanta a kan buhu."

"Saja, a gaban mutane?"

"Wa zai kalle ka? Kwanta. Hannu a ƙeya. Taso ka taɓa gwiwa. Taso mana!"

Na taso, doya ta taso ta riga ni. Ya ja da baya yana kallo.

"Kai, Direba, me ka haɗiye?"

Duk da haka ya ce in ci gaba kowace safiya, wai abin tsoro yake ji, zai gudu. Na yi ta yi a ɗaki. Doyar ta ƙara ƙiba, baya kuma ya ƙara riƙewa.

A daidai lokacin gidanmu cike yake da hayaƙi da ƙanshin ganyen darbejiya, don jikata ta zo wankan jego. Haihuwarta ta fari ce, kuma tagwaye Allah ya ba ta. Iyayenta suna can wajen Kuyello inda hanya ba ta da tabbas, shi ya sa aka kawo ta wajen kakarta, wato matata Hajiya. Hajiya kuwa in ana maganar jego ba ta da na biyu a unguwa. Ruwan zafi a babbar tukunya safe da yamma, kunun kanwa, gasasshen nama da yaji, sannan a ɗauko tsohon zani a ɗaure cikin mai jego tamau. Na ga irin wannan a wurare da yawa. Matan Yarbawa ma suna ɗaurewa suna gasawa da tsumma mai zafi, na Sudan kuma suna zama bisa ramin hayaƙi har su yi ƙanshi kamar shagon turare. Ko'ina dai mata sun yarda cewa cikin da ya buɗe sai an lallashe shi ya koma.

Wata safiya bayan arba'in Hajiya ta shigo da kunu ta same ni ina horon Saja, riga a naɗe. Ta ajiye kwano ta tsaya.

"Alhaji, tun yaushe?"

"Ya ɗan kwana biyu."

"Shi ne ka kai wa soja, ga ni a gida? Wannan ai sakin ciki ne. Tashi tsaye."

Ta buɗe akwati ta ɗauko tsohon rawanina na Salla, ta ce in ɗaga hannu. Ta naɗa, ta ja, ta sa gwiwa a bayana ta ƙara ja, kamar yadda muke ɗaure tamfol a kan lodin albasa. Ta miƙo mini kunun, ashe na kanwa ne.

A haka na tafi Azahar. Tsayuwa ta yi kyau, na miƙe kamar saurayi. Da liman ya yi ruku'u sai na ga ni ba ni lanƙwasuwa, sai dai in karye. Na kai sujada da ƙyar, numfashi ya tsaya a maƙogwaro, tasbihi yana fita kamar kukan ƙofa. Kafin a yi sallama gumi ya jiƙa ni. Ladan ya dube ni, ya dubi kujera, ya ƙara matso da ita.

Na dawo na kwance rawani na zube a tabarma a tsakar gida. Jikata tana gefe tana shayar da ɗaya daga cikin tagwayen. Tsakanina da ita akwai wasan jika da kaka tun tana rarrafe, ni in ce mata Amarya, ita ta ce mini Ango. Na yunƙura zan tashi, na manta rigar ta ɗage.

"Tsaya, Ango! Koma ka kwanta. Sake tasowa in gani."

"Ke Amarya, ba ki da kunya?"

"Wallahi irin nawa ne! Kaka, zo ki gani, mijinki ma ya haihu bai gaya mana ba. Ina jaririn? Yaushe suna?"

Ashe ita ma tana da nata. An yi arba'in, an gama wanka, amma cikinta yana nan kamar mai wata biyar, har wata maƙwabciya ta tambaye ta ko ta sake samu ne. In ta goya yaro ɗaya ba ta daɗewa sai baya ya gaza. Da ta kai tagwaye rigakafi, ma'aikaciyar jinya ta duba ta, ta koya mata abin da za ta riƙa yi. Ita kuwa ta ɓoye wa Hajiya don kada a ce ta raina ɗaurin zani.

Ta miƙa wa kakarta yaron, ta durƙusa. Ta ce in tanƙwara gwiwa in ɗan ɗaga kai kaɗan. Ta danna yatsunta a saman cibiyata, sai na ji sun nutse kamar a cikin kullu.

"Uku," in ji ta. "Nawa ma uku ne. Ashe anko muka yi."

Ranar awo ta ja ni asibiti. Na zauna a benci a tsakiyar masu jego da furfurata da carbina, kowace tana leƙen inda na ajiye nawa jaririn. Ma'aikaciyar ta duba ni da kyau, ta ce in yi tari, ta danna nan da can.

"Baba, ba ƙaba ba ce, ba kuma za a yanka ka ba. Naman gaban ciki layi biyu ne, dama da hagu, da wata fata mai ƙarfi da ta haɗa su a tsakiya. In ciki ya yi girma, na haihuwa ne ko na tuwo, sai fatar ta miƙe, layukan su ja baya da juna. In ka yunƙura, kayan ciki su turo ta tsakiya. Wa ya ce ka riƙa tasowa kana taɓa gwiwa?"

"Wani soja."

"To ka gaishe shi, ka ce ya bari. Wannan ƙara buɗa shi yake yi. Ɗauri kuma tallafi ne kawai, in an kwance an koma gidan jiya. Naman ciki na can ƙasa shi za ka tayar, kuma a hankali ake tayar da shi."

Na gane maganar nan da nan, don na ga bodin mota ya buɗe a tsakiya saboda lodi, kuma na san igiya ba ta gyara shi.

Abin da ta koya mana ba shi da wani kwarjini. Ka kwanta, gwiwa a tanƙware. Ka ja numfashi har haƙarƙari ya buɗe. In za ka sake shi, ka ja cibiya ciki a hankali kamar mai son ɗaura wandon da ya yi masa kaɗan, ka riƙe kaɗan, ka saki. In wannan ya zauna, ka riƙa zame diddige ɗaya a kan tabarma kana dawo da shi, cibiya na ciki. In za ka tashi daga kwance, ka mirgina gefe tukuna ka tura da hannu. In za ka ɗaga wani abu, ko buta ce, ka saki numfashi ka ja cibiya sannan ka ɗaga. Ta ƙara da cewa in rage malmala, in riƙa taka ƙasa.

Haka muka shimfiɗa tabarmi biyu a inuwar mangwaro kowace hantsi, ni da Amarya, tagwaye a tsakiya suna harba ƙafa sun fi mu ƙwazo. Hajiya tana tankaɗe tana ba da sharhi.

"Ni dai ban ga abin da kuke yi ba. Kwanciya ce kawai da nishi."

"Kaka, ki bar masu jego su huta. Ango, ka riƙe numfashi, ina ganinka. Saki!"

Saja ya zo dubiya ya same mu a haka. Ya daɗe yana kallo, ya ce da Gwaranci, da haka ake horo a bariki da bai yi ritaya ba. Na ce ya kwanta a duba nasa. Ya ce yana da masara a rana.

Abin bai zo da sauri ba. Damina ta shigo ta same mu muna yi, aka yi girbi muna yi. Amarya ta riga ni, yarinta ta taimake ta. Nata ya dawo yatsa ɗaya, ta goya ɗaya daga tagwayen ta saɓa ɗaya a kafaɗa, ta koma ɗakin mijinta tana cewa ta bar ni da jego ni kaɗai. Na ci gaba ni da mangwaro. Na fara lura ina saka takalmi ba tare da na nemi bango ba. Sai wata La'asar, ina sujada ta biyu, na saki numfashi na ja cibiya kamar yadda na saba a tabarma, na dafa gwiwa, na ji ni a tsaye tare da sahu. Ban dafa kowa ba. Na yi ta jira raka'a ta gaba ta ƙaryata ni, ba ta ƙaryata ba. Bayan 'yan kwanaki na ga ladan ya mayar da kujerar can ƙarshen sahu inda take tun farko, ya ɗora mata tsintsiya.

Ramin cikina bai rufe duka ba, yatsu biyu suna shiga har yau, kuma ma'aikaciyar ta ce a shekaruna wataƙila haka zai zauna. In na manta na yunƙura kai tsaye, doya tana leƙowa ta gaishe ni. Na san wata rana kujerar nan za ta same ni, in Allah ya ja kwana, kuma zan hau ta ba gardama. Amma yanzu a tsaye nake salla. Tashi daga kwance kuwa sai na mirgina gefe kamar mai jego, kuma haka zan riƙa tashi iyakar rayuwata.