Chacha Motaleb da Ginshiƙi na Ƙarshe

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, uku ga Yuni, da hantsi, ina sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa ta Horinpur aka zo mini da labarin rasuwarka, Chacha Motaleb, wato Baffa Motaleb.

Kana matashin kafinta ka haɗa katakon da aka zuba kankaren rufin tashar nan a kai, shekara sittin da suka wuce. Ginshiƙai ashirin da huɗu, kowanne ya buɗe a sama kamar lema, babu bango ko ɗaya, iska na shiga ta ko'ina. Kaurin rufin bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ba ka yi makaranta ba, amma ɗaliban zanen gine-gine kai suke nema, ka saya musu shayi, ka yi ta yi musu faɗa. Ranar da aka zo shafa wa kankaren farar ƙasa don zuwan wani babba, zama ka yi a kan bokitin. Ka ce, “Ba ginin da ba a gama ba ne, haka aka so shi. Ku fara shafe ni.”

Bara rufin ya yi yoyo, hukuma ta ce a rushe. Masu kula da kayan tarihi suka roƙa, aka ba da damina guda: in ya sake ɗiga, shi ke nan. Zanen ginin ya ɓace tuntuni. Kai kaɗai ka san cewa ruwan sama ta cikin ginshiƙan yake sauka, kuma sheƙar tattabaru ce ta toshe hanyar.

Sai ka ɗauko tsani da doguwar gora. Na ce, “Chacha, da shekara tamanin? Za ka faɗo.” Ka ce, “Uwata, ki ji da canjinki. Rufin nan ya san ƙafata.” Wallahi na ji haushinka, na kuma ji tsoro. Ka gyara ginshiƙi ashirin da uku, ciwon ƙirji ya kwantar da kai. Da na je dubiya, ko gaisuwata ba ka amsa ba, sai cewa ka yi, “Saura na bakin ƙofa.”

Daga maƙabarta babu wanda ya wuce gida. Ta tagata na ga 'yan dako da masu shayi da ɗanka Jahangir sun shigo da tsaninka, ƙasar kabarinka ba ta bar hannunsu ba, suka buɗe ginshiƙin bakin ƙofa. Ranar Juma'a aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Fasinjoji suka tsaya a ƙarƙashin rufin, ko ɗigo bai taɓa kowa ba. Ni ce na jiƙa littafin tikiti da hawaye.

Damina da sauranta, Chacha, amma mun iya yanzu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Chachi Jobeda da Jahangir da dukkan jikoki. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya ba ka inuwa ranar da babu wata inuwa sai Tasa. Amin.