Katangar da Muka Haura a Sakkwato

Zariya zuwa Gusau

Ana sallame sallar asuba muka bar Zariya a sabuwar bas ɗin kulob ɗinmu na ƙwallo, wadda direbanmu ke lallaɓawa kamar ƙwai. Zamanin soja ne, kuɗin mai sun shigo, kowane gari na gina filin wasa. Ni ɗan baya ne, ba wanda ya damu da ni. Ƙanena Sani shi ne mai cin ƙwallo, kuma wani mai zaɓen 'yan wasan ƙasa zai je Sakkwato musamman don ya gan shi.

A shingen Gusau wani kofur ya leƙo ya ce, "Ku ne za ku ci Sakkwatawa a gidansu? Allah ya ba da sa'a." Muka yi dariya muka wuce.

Sakkwato

An sauke mu wajen Ƙofar Atiku, aka kawo fura mai sanyi. Kocinmu ya hana sha, wai kada a yi mana asiri. Har yau ina jin haushin furar nan.

Washegari da la'asar koci ya ce ba za mu bi ƙofar fili ba, tabbas an binne wani abu a wurin. Sai muka zagaya baya, ta wani fegi mai tudu-tudu da fasassun tukwane. Wani dattijo da ke zaune gindin itacen bedi ya miƙe.

"Samari, kak ku bi nan. Mutane na kwance."

"Baba, sauri muke yi," in ji koci.

Muka tattake da takalman ƙwallo, muka haura katanga. Sani ne na ƙarshe, kuma shi kaɗai na ji ya amsa sallama. Na waiwaya, ba kowa kusa da shi.

Aka fara wasa, rana ta karkata, fili maƙil. Sani ya riƙa kewaye wuraren da babu kowa, yana ba da hanya. Can ya yanke 'yan baya biyu, gola ya zame, raga ta buɗe. Sai ya tsaya cik, ya zauna ya kwance takalmansa.

Na ruga na ce, "Sani, lafiya?"

"Yaya, har nan ciki suke. Ba a taka su da takalmi."

Da na ɗaga kai, baƙon da ya zo dominsa yana sauka daga rumfa zai tafi.

Gida

Har Zariya ba wanda ya yi waƙa. Na gode wa Allah da ya dawo da mu, na gode wa direba. Inna ta tarye mu a zaure tana tambayar ko an ɗauki ɗanta. Sani ya miƙa mata takalman ya ce ta bayar sadaka, kuma bai ƙara taɓa ƙwallo ba.