Alhaji Isufu da Gidan Kakan Monik

Ina cikin taram, jirgin ƙasan cikin gari, daga Bron kusa da Lyon, zan tafi aiki, Aisha 'yar Alhaji Isufu ta kira ni daga Paris. Ba ta tsaya gaisuwa ba. "Yaya Sani, Baba ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Alhaji Isufu ɗan Damagaram ne, mai kantin atamfa a unguwar Belleville ta Paris. Amma mu da muka yi karatu a Lyon, da wani tsohon gidan dutse muka san shi, a ƙauye bayan gari. Kakan Tanti Monik, matar Alhaji, shi ya gina shi don iyali su riƙa hutun bazara. Da tsofaffi suka ƙare, gidan ya daɗe a kulle, har Alhaji ya mai da shi ma'ajin kaya.

Shekarar da na faɗi jarrabawa aka karɓe ɗakina na jami'a, na fara shirin komawa Maraɗi da kunya. Ya ji labari, ya zo da kansa ya kai ni gidan dutsen. Muka kwashe dilolin atamfa, ya shimfiɗa katifa. "Zauna ka yi karatunka," in ji shi. "Ɗakin da ba a numfashi a cikinsa, rushewa yake." Na ci jarrabawar. Bayana ɗalibai da yawa sun kwana a wannan ɗaki. Rumbun ƙasa da aka taɓa ajiye giya ya koma wurin gero da kilishi, farfajiya ta zama wurin cin tuwon Salla.

Wata rana muka so sauke hotunan dangin Tanti daga bangon falo don mu yi jam'i. Ya hana, ba da faɗa ba. "'Ya'yana, su suka yi gumi, mu muka tarar da inuwa. Ku kai tabarma wancan ɗaki." Tanti tana bakin ƙofa, ta juya tana share ido.

Da ciwo ya kama shi, can ya yi bazararsa ta ƙarshe, a kujera ƙarƙashin itacen goro na Turawa, yana tambayar kowa karatunsa.

Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya yalwata masa kabari kamar yadda ya yalwata mana gida. Allah Ya ba Tanti Monik da Aisha haƙuri, Ya zama gatansu. Amin.