Takalmin Sufeto Tanko da Kunnen Gwaggo Asabe

Shekara biyar ke nan a wannan watan da rasuwar Gwaggo Asabe, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina 'yar shekara shida a gidan da take zaune a Bosso, nan Minna. Duk shekara sai in ce zan rubuta wani abu a kanta, in ɗauki biro, in ajiye. Ba abin faɗa na rasa ba, wanda ya san ni ya san bakina ba ya hutu. Wata ƙarya ce guda da na yi mata kwana tara kafin ta cika, kuma ban ga yadda zan fito a jarida ina yabon mace alhali na ɓoye abin da na yi mata ba. Bana Allah ya sauke mini wannan kaya, shi ya sa kuke ganin rubutun nan.

Gwaggo mai kifi ce. Shekara da shekaru tana sayowa a hannun masunta a madatsar ruwan Tagwai, ta banda shi a bayan gida, ta kai kasuwa. Daga baya ciwon suga ya cinye mata ido, ta bar kasuwa ta zauna. Abu ɗaya ne ya rage mata na nishaɗi a mako: wani wasan 'yan sanda da ake nunawa a talabijin ranar Lahadi bayan la'asar. A gidanmu ba wanda ke kiran wasan da sunansa. Shirin Sufeto muke cewa, saboda Sufeto Tanko.

Wanda bai taɓa kallo ba kada ya ɗauka wani jarumi ne mai faɗin ƙirji. Gajere ne, ga tumbi, ga tsohon babur da sai an tura. Ba ya tsawa, ba ya mari, ban taɓa ganin ya zaro bindiga ba. Abin da aka san shi da shi ɗaya ne: duk gidan da ya je bincike, ko na ɓarawo ne, ko na wanda ake zargi da kisa, sai ya yi sallama, ya sunkuya ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya zauna a ƙasa ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya shiga maganar da ta kawo shi. Ni a lokacin haushi abin yake ba ni. Mutum ya zo kama mai laifi, ya tsaya kwance igiyar takalmi.

Gwaggo kuwa nan ne ya saye ta, kuma tana da dalili. Tun tana amarya, wasu masu kaki suka faɗo gidansu neman wani mutum, ashe kuskuren gida suka yi. Suka tattake mata tabarmar salla da manyan takalmansu, suka kifar da faifan kifinta, suka fita ko sannu babu. Ba wanda aka daka, ba wanda aka kama, amma shekara arba'in ba ta manta da sawun nan a kan tabarma ba. Kada kuma wani ya ce tsohuwa ce da ba ta bambance wasa da gaskiya. Ta sani sarai. Takan ce wasa ne, amma wanda ya rubuta shi lallai ya taɓa cin karo da mutumin kirki a wani wuri, in ba haka ba a ina zai samo shi.

Da ido ya tafi, aikin ba ta labarin abin da ke faruwa a akwatin ya faɗo kaina. Lokacin na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, kuma Allah bai halicce ni da haƙuri ba. Bayanina bai wuce ya shiga, ya fita, an kama shi. Sai ta buga mini mafici a gwiwa ta ce ko korata ake yi. Ita so take in gaya mata da wane hannu mutum ya karɓi kofi, ina ya ajiye hularsa, ƙafarsa tana rawa ko a tsaye take. Takan ce fuska ta iya ƙarya, ƙafa ba ta koya ba. Ni kuma in ce Gwaggo, ai masu wasan nan ba su kai ki tunani ba.

Ta ukunmu ita ce Maman Rifkatu, maƙwabciyarmu tela, 'yar kudancin Kaduna, wadda ta fi shekara ashirin katanga ɗaya da Gwaggo. In ta dawo daga coci ta ci abinci, sai ta shigo da ɗinkin hannunta ta zauna. Ita nata gwanin Saja Audu ne, yaron Sufeto, dogo mai tsalle katanga da shaƙe wuyan ɓarawo. Kullum sai sun yi musu. Maman Rifkatu ta ce da Sufetonki za a bar ƙasar nan da ɓarayi sun kwashe har tukwane kafin ya gama gaisuwa. Gwaggo ta ce mai tsalle katanga ai shi ma hanyar ɓarayi ya bi.

Ranar da abin ya faru Maman Rifkatu ba ta nan, suna da taron zumuntar mata a Maikunkele. Daga ni sai Gwaggo, kuma jikinta ya riga ya fara nauyi, a kwance take kallon, in dai za a kira shi kallo. Sai aka nuno wani mutum ta baya, sanye da hular Sufeto da kwat ɗinsa, ya shiga falon babban mai laifin da aka yi wata uku ana farauta, ya karɓi jaka daga hannunsa. Ba a nuna fuska ba, ba a yi magana ba. Na faɗa mata haka. Sai ta yi mini tambaya ɗaya.

"Hajara, ya cire takalmi?"

Bai cire ba. Da idona na gani, da takalmi ya taka kafet ɗin. Amma sai na dube ta a kwance, ta rame, na ce a raina an riga an nuna mutuminta yana karɓar cin hanci, kada kuma in ƙara mata da cewa har ladabin ya zubar. Gara in bar mata ko da wannan. Na ce, "Ya cire, Gwaggo."

Ta juya fuska wajen bango ta ce, "To, ashe shi ne."

Nan take na gane ɓarnar da na yi. Ita hujja take nema: in bai cire ba, ba Tanko ba ne, wani ne ya ari hularsa. Ni da bakina na kulle mata shi. Garin gyaran gira na tsone ido. Da mai hankali ce ni, da a wurin na ce Gwaggo ƙarya na yi. Amma ni ce fa Hajara da ke tutiya ba ta ɓoye gaskiya ko gaban wa, yaya zan buɗe baki in ce na yi ƙarya? Na ce gobe. Goben ta zo na ce jibi. Ranar Laraba jiki ya rikice, muka tafi asibiti, daga nan ba ta ƙara sanin wanda ke kanta ba. Ranar Talata ta sama Allah ya karɓi abarsa.

Shirin ma kamar haɗa baki suka yi. Mako biyu bayan haka aka nuna an sa wa Sufeto ankwa, aka ce a dakaci kashi na gaba, kashi na gaba bai zo ba. Wasu suka ce masu shirin ne suka ɓata, wasu suka ce wani abu daban. Aka bar Sufeto a tsare, aka bar ni da nawa ɗaurin.

Na san akwai mai karatun da zai ce, yanzu a kan wasan talabijin mace za ta ɗauki shekara biyar tana cin ranta? To, kai ne ba ka zauna da makauniya ba. Wanda ido ya bari, duk abin da ka faɗa masa shi ne duniyarsa. Gwaggo ta ba ni amanar idonta, na yi mata ha'inci da shi, kuma a kan mutum ɗaya tak da take kafa hujja da shi cewa mai iko zai iya zama mai kunya. Abin da ke hana ni sukuni shi ne a ce ta tafi kabari tana ganin ashe duk ɗaya suke, har da shi. Ban gaya wa kowa ba, ko Maman Rifkatu. Na kama aiki a wani shagon atamfa a kasuwa, rayuwa ta ci gaba, amma in na ga takalma a jere a ƙofar wani ɗaki sai gabana ya faɗi.

Nakan tambayi kaina me Gwaggo za ta ce da ta ga yadda ake kallo yanzu. Kowa da wayarsa, kowa ya toshe kunne, mutum huɗu a ɗaki ɗaya kowa da nasa shirin. Ana danna yatsa a tsallake wurin gaisuwa don a kai ga wurin duka. Ni kaina na kan yi, ba zan ɓoye ba. Ina jin da sai ta ce an sami hanyar sauri, an rasa abokin musu, kuma kallon da ba musu a cikinsa ai zaman makoki ne. Amma ina jin da za ta so abu ɗaya: yanzu ana iya mayar da abu baya a sake ji. Da akwai wannan a lokacinta, da ba ta bar ni na wuce ko tari ɗaya ba.

A wayar ce kuma shirin ya dawo bana, bayan azumi. Ban so in kalla ba. Tsoro nake kada a ce Sufeton ne da gaske, takalmin kuma mantuwa ce kawai ta masu ɗaukar hoto. Maman Rifkatu ce ta aiko a kira ni wata Lahadi, ta ce idonta ba ya ganin ƙananan hotunan nan, in zo in riƙe mata. Muka zauna a barandarta, keken ɗinki a gefe. Sufeto ya tsufa, tumbin ya ƙaru, furfura ta fito, wanda ya dace da mutumin da ya sha zaman kurkuku ban da tumbin. A kashi na uku wata matashiyar lauya ta sa aka kunna hoton da kyamarar gidan ta ɗauka a ranar karɓar jakar a gaban alƙali, ta ce a tsayar, a dubi ƙasa. Ga takalmi a kan kafet. Ta kira matan gidaje bakwai da Sufeto ya taɓa bincika, har da uwar wani da Sufeton ya sa aka ɗaure, kowace ta rantse bai taɓa taka mata ɗaki da takalmi ba. Aka bi sawu, aka gano wanda ya ari hular. Saja Audu ne.

Na ajiye wayar na fashe da kuka, irin wanda ban yi ba ko ranar jana'iza. Maman Rifkatu ta ɗauka murna ce, ta ce in yi a hankali, ai ita ya kamata ta yi kuka da aka kama nata. Sai na kwashe komai na gaya mata, tun daga tambayar har juya fuskar. Ta saki baki tana kallona, sannan ta kama dariya har da riƙe ciki. Na ji haushi, na ce Mama, abin dariya na faɗa?

Ta share ido da gefen zani ta ce, "Ke 'yar nan, shekara biyar? Me ya hana ki tambaye ni? Gwaggonki ta sani tun ranar."

Ashe washegari Litinin, ina wajen ɗebo ruwa, ta shiga duba Gwaggo, ta same ta tana murmushi ita kaɗai. Gwaggo ta ce mata wai yarinyar nan ta ɗauka da ido ya tafi kunne ma ya bi shi. Ta ce tun daga bakin ƙofa take jin ƙwas-ƙwas a kan tayil har mutumin ya hau kafet, kuma mai tafiyar yana ɗan jan ƙafa ɗaya, Tanko kuwa ba ya jan ƙafa, dogon nan naki ne ke ja tun da ya faɗo daga katanga. Maman Rifkatu ta ce ranar sun yi musu har ta fita ba sallama, kuma ba ta ƙara tayar da zancen ba don ba ta so a ce gwaninta ne. Na ce to me ya sa Gwaggo ta ce mini ashe shi ne? Ta ce ita ma ta tambaye ta. Amsar da ta ba ta, wadda na sa ta maimaita mini sau uku, ita ce: "Don tausayina ta yi, na sani. Amma bar ta ta ɗanɗana, ta san ba a yi wa makaho kwalliya da ƙarya. Za ta zo da kanta."

Ban zo ba. Wannan ɗin yana nan, kuma ba lauyar da za ta wanke ni daga shi. Ta jira ni kwana biyu da hankalinta, girman kai ya hana ni. Amma nauyin da na ɗauka ba shi ne wannan ba. Na ɗauka na kashe mata mutuminta, ashe ko ƙwarzane bai yi ba a wurinta. Ta riga lauya, ta riga alƙali, ta riga masu rubuta shirin da shekara biyar, tana kwance fuska a bango. An ce kunne ya girmi kaka. Nata kunnen ya girmi idona nesa ba kusa ba. Daren ranar na yi barcin da na manta rabona da irinsa.

Gwaggo ba ta bar gida nata na kanta ba, ba ta bar gona ba. Murhun bandar kifin ma ya rushe damina biyu da suka wuce. Abin da ta bari ɗan kaɗan ne, kuma a jikina yake. Har yanzu ina da gaggawa, masu sayen atamfa za su ba da shaida. Amma in mutum ya zo mini da magana mai daɗi, ƙafarsa nake fara kallo. In kuma mara lafiya ko tsoho ya tambaye ni abu, na kan faɗa masa yadda yake, a hankali, don na gane wanda ke kwance ba wawa ba ne, sau da yawa ma gwada ka yake.

Ranar da ta cika shekara biyar, na sayi kifi banda na yi miya, muka raba wa maƙwabta sadaka, Maman Rifkatu ce ma ta kai na layin baya. Da na gama, na je tsohon ɗakin Gwaggo, wanda yanzu buhunan masara ne a ciki. Na yi sallama duk da na san ba mai amsawa, na cire takalmina a bakin ƙofa, na shiga na yi mata addu'a, Allah ya haskaka kabarinta, ya mayar mata da ganin da ya fi wanda ta rasa. Sannan na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun waccan Lahadin.

Gwaggo, bai cire ba.